Lasifika Ya Koya Wa Auta Karatu

Kowa da abin da Allah Ya hore masa, shi kuwa Lasifika baki aka hore masa, kuma bai taɓa barin baiwar ta wuni ba ta yi aiki ba. Sana'arsa gabatar da taro. Buɗe sabon shago, yaye ɗalibai, sallamar ma'aikacin da ya yi ritaya, duk inda aka kafa rumfa aka jera kujeru, shi ake miƙa wa makirufo. Sunan ma a bakin aiki ya samo shi, ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar taro ya ci gaba da zuba, mutanen kujerun baya ba su ma san an ɗauke ba.

Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne shiru. A sana'arsa, idan wuri ya yi tsit, to mai gabatarwa ya faɗi ƙasa warwas, ko da yana tsaye da ƙafafunsa. Saboda haka da ya ji gurbi a magana sai ya cike shi, ko gurbin nasa ne ko na wani. Ya sha ƙarasa wa manyan baƙi jawabinsu, kuma a ganinsa ya fi su iya faɗin abin da suke nufi.

Sai ga shi Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana in'ina.

Yarinya ce mai wayo da lura, amma kalma takan maƙale mata a baki ta ƙi fita, ta ƙi komawa. Leɓenta ya dinga rawa, idonta ya ƙanƙance, ta dunƙule hannu. Lasifika yana son yarinyar nan kamar ransa, kuma duk lokacin da ya ga tana wannan fama sai ya ji zuciyarsa ta karye. Don haka yake taimaka mata da abin da ya fi iyawa.

"Ba-ba-baba, ina so in..."

"Ki sha ruwa? Maman Auta, a ba ta ruwa."

Ruwan da Auta ta sha ba tare da ta nema ba, Allah kaɗai Ya san yawansa.

Ana nan sai Hedimasta ya aiko a kira iyayenta. Dokar makarantar ita ce, a ƙarshen shekara kowane ɗan aji biyu zai shiga ofis ya karanta shafi guda a bayyane. Wanda ya karanta ya wuce aji uku, wanda ya kasa ya maimaita. Malamar ajinsu ta ce ita dai tun da aka fara shekara ba ta taɓa jin Auta ta kai ƙarshen layi ba. Auta tana da ƙawaye biyu da suke zama benci ɗaya, su kaɗai ne a ajin ba sa dariya in ta tsaya, kuma su biyun za su wuce babu tantama. Da ta ji maganar maimaita aji, ranar ko abinci ba ta ci ba.

Shi ma Lasifika abin ya tsaya masa a rai, ko da yake tasa damuwar ta haɗa da wani abu daban.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," ya ce wa matarsa. "'Yar Lasifika a ce ta maimaita aji saboda magana? Da wane ido zan sake riƙe makirufo a garin nan?"

"Da idon da kake riƙe shi kullum," in ji Maman Auta. "Ni dai an yi mini kwatancen wata mai gyaran magana. Gobe za mu."

Ofishin mai gyaran maganar yana saman wani kantin magani. Ɗaki ne ƙarami, da darduma, da ɗan tebur mai gajerun ƙafafu, da madubi a jingine a bango, da kwali cike da katunan hotuna. Ita kanta matashiya ce mai sanyin murya, irin wadda sai ka matso kafin ka ji gaisuwarta. Tun daga nan Lasifika ya raina ta. A zuciyarsa ya ce, wadda ba a jin muryarta daga bakin ƙofa, ita ce za ta koya wa 'yata magana? Ya laƙaba mata suna Likitar Baki, amma a bayan idonta yake faɗa.

Ta zauna a ƙasa tare da Auta, ta ba ta littafi, ta ce ta karanta a zuci ta nuna hoton da ya dace da abin da ta karanta. Auta ta nuna duka daidai, har da wanda aka sa don a ruɗe ta.

"Yallaɓai, yarinyarku ta iya karatu," in ji mai gyaran magana. "Fitar da shi ne ke ba ta wuya, ga kuma tsoro da ya hau kai. Abin da nake roƙo daga gida abu ɗaya ne. In ta tsaya, ku jira ta. Kada kowa ya ƙarasa mata, komai daɗewar da..."

"Da za ta yi," in ji Lasifika. "Gaskiya ne, Malama. Ai shiru ma magana ce."

Daga nan ya gyara zama ya yi musu bayani mai tsawo a kan amfanin shiru, da yadda mutanen yanzu suka daina sauraro, har lokacin zaman ya ƙare mai jiran layi ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Bayan wannan, Maman Auta ce ke kai ta. Kuma abin ya soma yin kyau. Auta ta koyi sauke numfashi kafin ta fara, ta koyi shiga kalma a hankali maimakon ta banke ta da ƙarfi. In'inar ba ta tafi ba, mai gyaran magana ma ba ta taɓa cewa za ta tafi ba, amma yarinyar ta rage dunƙule hannu.

Wata rana Maman Auta ta tashi da ciwon kai, sai Lasifika ya kai ta. Aka ce ya jira a kan bencin waje. Zaman benci babu abokin hira azaba ce a wurinsa, don haka ya tashi ya leƙa ta gilashin ƙofa. Ya ga su biyu sun sunkuya a kan littafi ɗaya, suna karantawa tare, murya a kan murya. Ya kasa kunne. Auta na tafiya sumul, layi bayan layi, ko tuntuɓe babu. Bai taɓa jin muryar 'yarsa tana tafiya haka ba. Idonsa ya ciko, ya dafa bango, ya gode wa Allah da gaske.

Sai wayarsa ta yi ƙara, wani mai taro ne ke nemansa. Ya sauka ƙasa ya amsa, kuma wayar Lasifika ba ta gajarta.

Abin da bai gani ba shi ne sauran aikin. Masu wannan sana'a sun san cewa mai in'ina yakan tafi lafiya in ana karatu tare da shi, amma ba nan suke tsayawa ba. A cikin ɗakin, mai gyaran magana ta soma rage muryarta kaɗan-kaɗan, ta koma raɗa, ta koma motsa leɓe kawai, daga baya ta rufe bakinta gaba ɗaya. Auta ta ci gaba ita kaɗai. Ta yi tuntuɓe, ta tsaya, aka jira ta, ta tashi ta ci gaba. Karatun tare kamar hannu ne da ake ba yaro mai koyon tafiya, gwanintar kuwa tana wurin sakin hannun.

Da Lasifika ya hawo, bakinsa har kunne.

"Malama, na ga sirrin. Karatu tare."

"Eh, Yallaɓai, da shi muke farawa, amma abin da ake so shi ne a hankali mai taya ta ya..."

"Ya dage. Ai dagewa ita ce komai."

"A'a, ya janye..."

"Ya janye tsoron daga zuciyarta. Malama, ni da ke bakinmu ɗaya."

Ta sake gwadawa, ya sake tare ta. Ta ce in an yarda za ta je ta ga Hedimasta kafin ranar gwaji, ta yi masa bayanin irin jiran da yarinyar ke bukata. Ya ce kada ta wahalar da kanta, shi da Hedimasta sun saba, shi ya gabatar musu da taron yaye ɗalibai bara. Ya yi mata godiya mai armashi irin ta rufe taro, ya kama hannun Auta suka sauka.

A mota ya yi ta jinjina abin. Ashe murya ce maganin. To in dai murya ce, me ya kai su hawa bene neman ta wurin wadda ba ta da ita? Murya ai a gidansa take kwana.

Tun daga ranar aka daina zuwa saman kantin magani, aka buɗe aji a falo. Kullum da yamma Lasifika zai ɗauko littafin karatun aji biyu, ya zaunar da Auta a gefensa, ya yi gyaran murya.

"Akuya ta shiga lambu. Ta ci ganye, ta sha ruwa. Bokiti ya faɗi, ruwa ya zube."

Yana karantawa yana ɗaga hannu, yana jan wasula, yana ba akuyar nan girman da bai taɓa ba wani babban baƙo ba. Kwanakin farko Auta tana binsa da 'yar muryarta. Da ta ga ko ta yi ko ba ta yi ba karatun yana tafiya, sai ta rage. Daga baya ta koma motsa leɓe. Wato dai an yi aikin mai gyaran magana daidai, sai dai an yi shi a juye: maimakon babba ya janye, ƙarama ce ta janye. Lasifika kuwa yana jin karatu na fita tas babu in'ina, ya ce magani ya kama.

Maman Auta ta tsaya a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu tana kallonsu.

"Baban Auta, ni fa ban ji ta ba."

"Ai haka ake so. Murya ta narke cikin murya."

"To tata ta narke ƙwarai. Ɗazu matar maƙwabcinmu ta tare ni tana tambaya ko akuyar nan ta fita daga lambun, don su ma sun haddace. Kowa a layin nan ya iya shafin, ban da wadda za a yi wa gwajin. Mu mayar da ita wurin Malama."

"Ke ba ki ga abin da na gani ba."

"Kai ma rabi ka gani. Ni da nake zama a ciki na san yadda take yi, tana rage murya ne har..."

"Har yarinya ta saba. Na sani."

Maman Auta ta dube shi, ta dubi ludayin, ta koma kicin. Shekarun da ta yi da shi sun koya mata cewa gardama da Lasifika ɓata yawu ne. Ta yi niyyar ta saci jiki ta kai yarinyar da kanta, amma gwajin ya riga ya ƙarato, kuma ta yi ta jin haushin kanta a kan hakan.

Ranar gwaji da safe iyaye suka cika bencin da ke gaban ofishin Hedimasta. Dokar ita ce yaro ya shiga shi kaɗai. Ƙawayen Auta biyu sun riga sun shiga sun fito suna tsalle, sun tsaya a gindin bishiya suna jiran ta. Da aka kira ta, Lasifika ya miƙe tare da ita, ya gyara hula, ya bi ta ciki kamar an gayyace shi.

Hedimasta dattijo ne busasshe, da tabarau rataye a wuya da igiya. Ofishinsa babu komai sai tebur, da kabad cike da tsofaffin littattafai, da fanka mai ƙara.

"Malam, iyaye a waje suke jira."

"Ranka ya daɗe, ai ni ɗan gida ne. In ka tuna bara..."

"Na tuna. Har yanzu kunnena na hagu bai dawo daidai ba." Ya nuna masa kujera a gefen kabad. "Zauna can. Sharaɗi ɗaya, ba na son jin ko tarinka."

"Ko numfashina ba za ka ji ba."

Auta ta tsaya a gaban tebur, aka buɗe mata shafin akuya. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan, daga wani wuri da aikin falo bai kai ga ɓatawa ba, ta tuno abin da aka koya mata a kan darduma. Ta sauke numfashi, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko.

"Aaakuya ta shiga lambu."

Murya ce 'yar ƙarama, tana rawa, amma tata ce. Hedimasta ya ɗaga tabarau ya sa.

"Ta ci g-ganye, ta sha ruwa."

Yatsa ya matsa zuwa layi na uku, ya tsaya a ƙarƙashin bokiti. Leɓɓanta suka haɗu suka ƙi rabuwa. Ofis ya yi tsit, sai ƙarar fanka.

Hedimasta ko a jikinsa. Mutum ne da ya tsufa yana jiran yara, ya jingina da kujera ya harɗe hannu. Auta ma ba ta firgita ba, ta saki leɓen, ta sake jan numfashi, tana shirin shiga kalmar ta ƙofar da aka nuna mata.

Wanda wuta ta kama shi ne na gefen kabad. Shirun ya hau shi tun daga ƙafa. Gumi ya karyo masa. Ya ga taro ya mutu a hannunsa, ya ga 'yarsa tana nutsewa shi kuma yana bakin ruwa a zaune. Tausayi da kunya suka haɗu a kansa. Ya ce a ransa, kalma ɗaya kawai, in ɗan tura ta.

"Bokiti," ya ce a hankali. A hankalin Lasifika kuwa har bencin waje an ji.

Kuma bakin da ya saba, in ya buɗe ba ya rufuwa a kan kalma ɗaya. Bokiti ya faɗi, ruwa ya zube, mai lambu ya fito da sanda, akuya ta tsallake shinge. Bai ma san sa'ad da ya miƙe tsaye ba. Ya kai shafin har ƙarshe da ka, da hannu a sama, ya rufe da irin saukar muryar da ke sa a yi tafi.

Ba a yi tafi ba. Da ya duba, Auta ta riga ta rufe littafin ta sa hannuwanta a baya.

Hedimasta ya cire tabarau.

"Madalla. Malam, kai ka ci, kana iya wucewa aji uku. Saura ɗalibar."

Ya buɗe kabad ya ɗauko wani littafi daban, ya buɗe wani shafi mai sauƙi, ya ajiye a gabanta. Auta ta dubi shafin. Idonta ya bi layin farko har ƙarshe, kowa ya ga ta gane abin da ke ciki. Sannan ta juya ta dubi babanta, tana jira ya fara.

"Karanta, 'yata," in ji Hedimasta.

Ba ta ɗauke ido daga kan babanta ba.

"Malam, fita."

Lasifika ya fita ya tsaya a bayan ƙofa, iyaye na kallonsa, wasu na danne dariya. Ya kafa kunne a jikin katako. Babu abin da ke fitowa sai ƙarar fanka. Ya tsaya, ya tsaya, har ƙafarsa ta gaji.

Da ƙofar ta buɗe, Hedimasta ne ya fito riƙe da hannun yarinyar.

"Ƙofa take ta kallo," ya ce. "Na ba ta lokaci fiye da kowa. Layi biyu na ji daga bakinta, masu kyau kuwa, amma doka shafi ta ce, kuma ba zan shaidi abin da ban ji ba. Za ta maimaita. Wanda duk ya koya mata layi biyun nan, ku mayar da ita wurinsa."

Lasifika ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa bai sami abin da zai sa a ciki ba. Ƙawayen Auta suka taho da gudu daga gindin bishiya, da suka ga fuskarta sai suka rage gudun suka tsaya daga nesa. Ta ɗaga musu hannu kaɗan, ta wuce.

A mota bai kunna rediyo ba. Suka bar layin makarantar, suka wuce gidan mai, suka tsaya a danja. Auta na kujerar gefensa, jakarta a cinya. Kunya ta ishe shi, kuma ya san wannan karon babu wanda zai ɗora wa laifi. Ya yi wa kansa alkawari, tsakaninsa da Allah, cewa gobe da kansa zai hau benen nan ya ba Malama haƙuri, kuma daga yau in Auta ta tsaya zai jira ta ko da za a wuni.

"Ba-baba."

"Na'am, Auta."

"D-d-da ka b... da ka b-b..."

Leɓenta ya soma rawa. Ta sauke numfashi, ta sake shiri.

"Da na bari, da kin karanta," ya ce. "Na sani, 'yata."

Sai da maganar ta fita daga bakinsa ya ji abin da ya yi. Auta ta dube shi, ta gyaɗa kai, ta mayar da fuskarta wajen taga.